Ƙafar Yaya

A gida Auta ake ce masa, ko da yake furfura ta fara tsiro masa a gemu. A makarantar da yake aiki a ƙasar waje kuwa Malamin Lissafi ne, shekara goma sha ɗaya yana riƙe da manyan azuzuwa a hawa na biyu, a wani ɗaki da tagarsa ke kallon wurin ajiye motoci. Ba shi da mata. Ya taɓa aure, zaman bai yi nisa ba, ta ce ita ba za ta iya da mutumin da ke kwana da agogon awon bugun zuciya a hannu ba, alhali bai san abin da ke cikin tata zuciyar ba.

Abin da yake da shi gudu ne. Gudun yada ƙanin wani, kilomita arba'in da biyu da 'yan kai, irin wanda ake rufe tituna a saki dubban mutane lokaci guda. Ya yi shi sau goma sha huɗu. Faratan ƙafarsa sun yi baƙi sun faɗi sun sake fitowa har ya daina kulawa. A ɗakin malamai kowa kofi da ganyen shayi yake ajiyewa a lokarsa ta adana kaya, shi kuwa takalman gudu ne a tasa, abokan aiki suna tsokanarsa wai ko ƙofar lokar aka buɗe sai an buɗe taga.

Burinsa ɗaya ne, ya gama ƙasa da awa uku. Sau biyu yana zuwa bakin gaɓa. Na farko awa uku da minti huɗu, na biyu awa uku da minti ɗaya. Yana da shekara arba'in da shida, ya kuma san jiki ba zai ci gaba da jiransa ba. Bana ya yi sati goma sha biyar yana shiri kamar zai kashe kansa, saura sati uku da 'yan kwanaki a yi babban gudun birnin.

Ranar wata Talata, yana ɗakin malamai lokacin hutun rana, yayarsa ta kira.

Yaya ta girme shi da shekara goma sha biyu. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta riƙa kai shi makaranta tana riƙe da hannunsa. Mijinta ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba. Shekara huɗu da suka wuce mahaifinsu ya samu shanyewar ɓarin jiki, ta ajiye aikinta a gidan waya ta koma gidan ta zauna da shi. Baba tsohon direban jirgin ƙasa ne, mai zafin rai tun yana da lafiya, ciwo kuma bai rage masa komai ba sai magana. An kawo masu jinya uku. Ta farko ya jefe ta da kwano, na biyu ya cije shi a hannu, ta uku ta ga ya kwana biyu bai yarda ya haɗiye ko ruwa daga hannunta ba ta haɗa kayanta. Daga hannun Yaya kaɗai yake ci.

"Auta, kana aji ne?"

"A'a Yaya, hutu muke. Lafiya dai? Jikin Baba ne?"

"Baba yana nan yadda ka san shi. Ni ce."

Ta gaya masa a hankali, kamar mai ba da labarin wani. Wata guda da ya wuce ƙarfen gadon Baba ya yanke ta a babban yatsan ƙafar hagu tana juya shi. Ɗan yanka ne, ko jini sosai bai yi ba. Amma mai ciwon suga ba a yi masa ɗan yanka. Ya ƙi warkewa, ya kumbura, ya fara ruwa. Likita ya ce sai an kwantar da ita, a wanke ciwon, a yi ta ba ta allurai ta jijiya na sati biyu.

"Na ce masa ina da jariri a gida ɗan shekara tamanin da ɗaya, wa zan bar wa?" Ta yi 'yar dariya, dariyar ba ta yi nisa ba. "Auta, shekara huɗu ban taɓa ce maka ka zo ba. Yau na ce. Ba hutu nake nufi ba. Ka dawo gida. Na gaji."

Allah ya sani, hankalinsa ya tashi da gaske. Bai ko shiga aji na gaba ba sai da ya zauna ya rubuta takardar ajiye aiki. Amma malamin lissafi ne, lissafin ya yi kansa kafin ya hana shi. Ƙa'idar makarantar ita ce mai barin aiki ya ba da sanarwar zango guda. Zai roƙa a rage masa, za a ja, za a daidaita a wata guda. Gudun zai faɗo a ciki ba tare da ya nema ba, kuma ba wanda zai ce laifinsa ne.

Shugabar makarantar mace ce da ta ƙware a yaƙe. Ta karanta takardar a tsaye, ta ɗora ta kan tebur ta danne da kofi.

"Ayya, Malam. Ai iyali sun fi komai. Ba za mu riƙe ka ba. Juma'ar nan ta yi maka?"

Ya ji kamar an janye masa kujera. "Ranki ya daɗe, ai ƙa'ida zango guda ne. 'Yan ajin ƙarshe suna da jarrabawa, ba zan so in bar su haka ba."

"Kada wannan ya dame ka. Akwai wani matashi, takardunsa na cikin durowar nan tun watan jiya. In gaya maka gaskiya ma ka sauƙaƙa mini, don ina ta tunanin ta inda zan fara maka maganar. Iyaye suna ƙorafi, wai kana shigowa aji kanka a jiƙe kana hamma, darasin farko kana dafe da tebur kana miƙa ƙafa." Ta sake yaƙe. "Makullin gidan malamai kuma, Litinin ka bai wa ma'aji. Allah ya ba yayarka lafiya."

Ranar Juma'a ba a yi wani taro ba. An ba shi kati, cikin malamai arba'in tara ne suka sa hannu. Kafin a tashi an cire sunansa daga ƙofar ajin. Sabon malamin har ya zauna a kujerarsa, ya miƙe da ladabi ya ce, "Malam, don Allah makullin kabad ɗin nan." Ya ba shi. Ya sauko da kwali ɗaya, littattafai a ƙasa takalma a sama, mai gadi ya ɗaga masa hannu bai ko san tafiyar ke nan ba.

Da yamma ya je wurin abokin gudunsa, wani likitan haƙori da suke fita tare duk Lahadi. Ya zayyana masa komai.

"To yanzu me ya rage?" in ji Likita. "Takardar zamanka tana da sauran kwana talatin bayan barin aiki. Ga falona nan, ga doguwar kujera."

"Yaya ce ba ta da lafiya."

"Ciwon yatsa fa ka ce. Matar da ta yi shekara huɗu tana jinya, sati uku ne zai gagare ta? Malam, ban taɓa ganinka a yanayin da kake yanzu ba. Ranar Lahadi ka bar ni a kilomita ashirin da takwas kamar an ɗaure ni a bishiya. In ka bar wannan, wallahi ba ka ƙara samunsa."

Ba Likita ne ya sa shi ba. Da ma neman wanda zai faɗa da baki yake yi. Ya sayi tikitin jirgi na Litinin, washegarin gudun, sannan ya kira gida.

"Yaya, na ajiye aikin. Amma matar nan ta ƙi sakina. Ta ce sai na yi sati uku na miƙa ajin, in ba haka ba ba za ta ba ni takardar shaidar aiki ba."



"To," ta ce. "Kada ka yi faɗa da su, Auta. Shekara goma sha ɗaya ba wasa ba ce, ka rabu da mutane lafiya. Zan lallaɓa."

Abin kunyar shi ne, bai taɓa jin daɗin kwanaki irin waɗannan ba. Babu aji, babu makin takardu. Ya yi barci ya ƙoshi, ya ci abin da jiki ke so a lokacin da yake so, ya rage nisan gudu kamar yadda ake yi in rana ta matso, ƙafafunsa suka cika da ƙarfi har yana jin suna ƙaiƙayi. Duk yamma sai ya kira Yaya. Ta kan tambaye shi yaya 'yan makaranta, shi kuma ya ƙirƙiro mata labari, wai yau wata ɗaliba ta yi kuka don zai tafi, wai sabon malamin bai iya riƙe aji ba. Tana dariya, tana cewa, "Ai za su gane kurensu."

Saura kwana tara, maƙwabciyarsu ta kira shi. Mai ɗinki ce, shagonta na jikin katangar gidan, ita ke shiga ta taya Yaya ɗaga Baba in za a yi masa wanka.

"Malam Auta, ba ta san na kira ka ba. Yatsan nan ya yi baƙi. Ɗakin har wari yake, ita kuma tana zuba turare wai kada Baba ya ji. Jiya da rarrafe ta je bayan gida. Ba za ka roƙi mutanen nan ba?"

"Na roƙa, Anti, sun ƙi. Saura kwana tara kawai. Ki ce ta riƙa gasawa da ruwan ɗumi da gishiri."

"Ruwan gishiri," in ji Mai ɗinki, ta kashe wayar.

Ya zauna a bakin kujerar yana kallon bango. Ya buɗe shafin kamfanin jirgi, akwai wuri a jirgin gobe. Ya daɗe yana kallonsa. Sai agogon hannunsa ya yi ƙara, lokacin fita ya yi, kilomita goma ne yau a hankali. Ya ce bari ya yi tunanin a hanya. Da ya dawo bai sake buɗe shafin ba.

Ranar gudun gari ya waye da sanyi, babu iska, irin ranar da masu gudu ke roƙo. Ya shafa mai a cinyoyi da hammata, ya manne lambarsa a ƙirji, ya sa wayarsa a jakar da ake miƙa wa masu tsaron kaya. Rabin farko ya wuce kamar ruwa. A kilomita talatin da biyu, inda kullum ƙafafu ke zama itace, ya jira abin ya zo, bai zo ba. Ya riƙa wuce mutane ɗaya bayan ɗaya, wasu suna amai a gefen titi, wasu sun dafe ƙugu suna tafiya. A talatin da tara cinyarsa ta dama ta fara ɗaurewa, ya cije ya ƙi ba ta dama. Da ya shawo kwanar ƙarshe ya hango babban agogon da ke saman layi, ya san ya samu. Awa biyu da minti hamsin da takwas da daƙiƙa arba'in da ɗaya. Ya durƙusa a kan kwalta ya fashe da kuka, wani da bai sani ba ya rungume shi.

Da ya karɓi jakarsa ya ga kiran Mai ɗinki har shida. Ya kai yatsa zai kira ta. Amma abokinsa Likita yana gefensa yana cewa ya ɗaga lambar yabon a ɗauke shi hoto, ya ɗaga, aka ɗauka. Hoton ya yi kyau. Ya ɗora shi a waya inda abokai ke gani, ya rubuta lokacin a ƙasa. Ya kula sosai ya toshe Yaya don kada ta gani. Ya manta da Mai ɗinki.

Sai bayan ya sha ruwa ya zauna a kan ciyawa sannan ya kira ta.

"Na ga hotonka yanzun nan," ta ce. "Sannu da makaranta."

Ya buɗe baki zai yi magana, ta riga shi.

"Muna asibiti. Da safe na same ta a ƙasa kusa da gadon Baba, jikinta kamar garwashi, ba ta gane ni ba. Maigidana yana wurin Baba. Gobe za a shiga da ita tiyata." Ta numfasa. "Ta farfaɗo ɗazu tana tambayar ko ka kira. Na nuna mata hoton. In laifi ne na yi, Allah ya yafe mini, amma ba zan zauna ina kallo tana yi wa shugabarku Allah ya isa a banza ba."

Yana cikin jirgi aka yanke ƙafar.

Ranar Talata da safe ya isa asibitin da akwatinsa a hannu. Ɗakin mata ne mai gado takwas, nata na ƙarshe kusa da taga. Ta rame, fuskarta ta yi toka-toka. A ƙarƙashin zanen gado ƙafar dama ta miƙe har ƙarshe, ta hagu kuwa ta tsaya kaɗan ƙasa da gwiwa, daga nan zanen ya kwanta sumul a kan katifa. Likitan da ke zagaye ya tambaya ko shi ne ƙanen, ya ce e. Likitan ya dube shi daga sama har ƙasa ya ce, "Da kwana goma da suka wuce kuka kawo ta, yatsa kawai za mu cire." Ya wuce gado na gaba.

Ya shirya jin zagi. Duk tsawon tafiyar jirgin yana shirya yadda zai durƙusa, ta zage shi, ta yi kuka, ya yi kuka. Yaya ba ta ba shi wannan ba.

"Ka iso lafiya? Ka rame."

"Yaya, ni..."

"Nawa ka yi?"

"Na'am?"

"Gudun. Awa nawa? Mai ɗinki ta nuna mini amma idona bai gani sosai ba."

Ya sunkuyar da kai. Ta jira. 

"Awa biyu da minti hamsin da takwas," ya ce da ƙyar.

"Ƙasa da ukun ke nan. To madalla, ba a yi asara biyu ba." Ta juya fuskarta wajen taga. "Je ka gida ka juya Baba. Duk awa biyu ake yi. Filo ɗaya tsakanin gwiwoyi, ɗaya a baya. Ka kiyayi hannun hagun."

Bai kiyaya ba, ranar farko Baba ya fasa masa leɓe. Ya koyi aikin da wuya. Ya koyi canza ƙunzugun babba ba tare da ya ɓata zanen gado ba, ya koyi duba ƙugu da diddige kada gyambo ya fito, ya koyi tsayawa da cokali a hannu minti ashirin tsohon yana kallonsa da ido ɗaya baki a rufe. Yunwa ce ta sa Baba ya karɓa a rana ta uku, ya tauna, ya tofa masa rabi a riga. Da aka sallamo Yaya sai majinyata suka zama biyu. Ita ma a ɗaga ta, a kai ta wanka, a wanke dungun, a naɗe. Duk abin da ya yi sai ta ce, "Sannu, Auta. Allah ya yi albarka." Bai taɓa sanin albarka na iya zama bulala ba.

Wata rana da la'asar yana wanke kwanuka ta kira shi.

"Zo ka sosa mini yatsan nan, ya dame ni."

Ya kai hannu ga ƙafar dama.

"Ba wannan ba. Na hagu. Babban."

Ya tsaya. Ya san abin yana faruwa ga waɗanda aka yanke wa gaɓa, likita ya faɗa musu. Amma ta ƙura masa ido.

"Ƙasa kaɗan. Nan. Sosa."

Ya durƙusa yana sosa katifa. Ta lumshe ido ta ce, "Yauwa. Da ƙarfi." Sai da ya yi minti biyar sannan ta ce ya isa.

Bayan sati shida ya zauna a bayan gida ya rubuta wa shugabar makarantar saƙo, ko akwai wani gurbi, ko na ƙananan azuzuwa ne. Bai tsaya ya tambayi kansa wa zai bar wa su ba. Amsar ta zo layi biyu. Babu gurbi, tana kuma yi masa fatan alheri a guje-gujensa.

Ya yi rantsuwa a ransa cewa ya bar gudu. Rantsuwar ta yi wata biyu. Daga nan ya fara fita da sassafe, yana gama juya Baba, don yana da awa biyu cif kafin juyi na gaba. Takalman a bayan tankin ruwa yake ɓoye su, a waje yake sawa, ya ja ƙofa a hankali kamar ɓarawo. A cikin awa biyun nan ne kaɗai ba ya jin warin fitsari da maganin wanke ciwo. Sati guda yana haka, wata safiya yana miƙa mata shayi ta ce, "Ka daina wahalar da kanka da sanɗa. Ni ba barci nake ba. Ina jin takunka har ka sha kwanar shagon mai walda." Ba ta ce ya bari ba, shi ma bai bari ba.

Wata takwas da dawowarsa aka sanar za a yi babban gudu a garinsu. Ya yi rajista bai gaya wa kowa ba. Ita ta ga lambar a cikin kayan wanki.

"Ran Lahadi ne?"

"Yaya, in ba ki so sai in fasa."

"Wa ya ce ba na so? Ka kai ni in gani. Shekara nawa kana abin nan ban taɓa ganinka ba sai a hoto."

Har hawaye ya zo masa. Ya ɗauka ƙofar yafiya ce aka buɗe masa. Ya roƙi mijin Mai ɗinki ya zauna da Baba, ya wanke keken guragun, ya sa wa tayoyin mai. Ranar Lahadi Yaya ta sa rigarta mafi kyau da 'yan kunne, ta rufe cinyoyinta da bargo. Ya tura ta har bakin layin gamawa, ya samo mata wuri a gaba jikin shinge, Mai ɗinki na tsaye a bayanta da lema.

Gudun bai yi masa kyau ba. Rana ta fito da wuri, shirin kuma bai kai ba, mutumin da ke tashi duk awa biyu ba ya tara ƙarfi. A kilomita talatin ƙafafun suka zama itace. Ya ja su haka, yana tunanin tana can tana jira, abin da ya hana shi tsayawa ke nan. Ya ƙetare layi a awa uku da minti ashirin da ɗaya. Wata mata ta rataya masa lambar yabo, wata ta miƙo masa robar ruwa.

A daidai lokacin mai sanarwa yana bin shinge da lasifika yana jan 'yan kallo da hira. Ya ga dattijuwa a keke ta ci ado, ya tsaya.

"Mama, wa muka zo yi wa tafi yau?"

Muryarta ta fito daga manyan lasifikun da ke kowace kusurwa.

"Ƙanena. Ga shi can, dogon nan mai jar riga. Ni na goye shi."

Mutane suka juya suna tafi. Ya ɗaga hannu yana haki yana murmushi. Mai sanarwa ya ce a ƙara masa, aka ƙara.

"Ban gama ba, ɗan nan," in ji Yaya, ta riƙe lasifikar da hannu biyu. Sannan ta saki hannu ɗaya ta yaye bargon ya faɗi ƙasa. Ba ta naɗe dungun ba ranar, ga shi nan da tabon ɗinki. "Wannan ƙafar ma shi na ba. Likita ya ce in kwanta asibiti, na kira shi ya zo ya riƙe mana tsohonmu. Ya ce makaranta ta riƙe shi sati uku. Ashe an sallame shi tun Juma'ar farko, na ga takardar a akwatinsa, irin wannan gudun ya tsaya yi. Na jira shi, ta ruɓe. Awa biyu da minti hamsin da takwas ya yi ranar. Ku tafa masa, ya iya gudu."

Wasu daga baya da ba su ji sosai ba suka ci gaba da tafi, na kusa suka tsaya hannuwa a buɗe. Mai sanarwa ya fizge lasifikar yana kame-kame, wani ya ƙure kiɗa. Matar da ta ba shi ruwa tana nan tsaye tana kallonsa. Wani mai gudu da suka ƙetare tare, wanda ya dafa kafaɗarsa ɗazu, ya sauke hannunsa ya matsa. Wayoyi da yawa a sama suke, ba a sauke su ba.

Ya taka ya je, ya ɗauki bargon ya kakkaɓe ya rufa mata. Mai ɗinki ba ta dube shi ba, ta naɗe lemarta ta ce ita za ta biya kasuwa.

Tituna a rufe suke har azahar, babu mota. Kilomita huɗu ne zuwa gida, rabinsu hawa. Ya kama keken ya fara turawa, cinyoyinsa na rawa, gishirin gumi ya bushe masa a fuska. Masu gudu na baya suna ta wuce su a ɗaya ɓangaren titin. Yaya tana kallonsu da sha'awa, har tana nuna wata tsohuwa mai farin gashi tana cewa, "Dubi wannan, ta girme ni fa."

Sai da suka kai rabin hawan ta ce, "Yau ba ka yi ƙoƙari ba. Na gaba yaushe ne?"

"Babu na gaba, Yaya."

"Ƙarya kake. Ni na yaye ka."

Ya ci gaba da turawa. Akwai wani gudun nan da wata huɗu a garin da ke gaba da su, ya riga ya duba taswirar hanyar, ya ga shimfiɗaɗɗiya ce babu hawa.

"Ka sa da ni," ta ce. "Duk inda za ka yi, ka tanadar mini wuri a gaba. Ka ga dai ba na cin wuri da yawa."

A ƙofar gida matakala uku ne, keken ba ya hawa. Ya sunkuya ya ɗauke ta, gwiwarsa ta lanƙwashe a na biyu, ta ce, "Riƙe ni da kyau." Daga ciki suna jin mijin Mai ɗinki yana cewa, "Haba Baba, haba Baba," da ƙarar kwano a ƙasa. Ya ajiye ta a gadonta, ya cire lambar yabon ya jefa cikin kwandon wanki, ya shiga ya juya tsohon, ya goge abincin da ke bango.

Kwana biyu ba ya iya sauka matakala sai da baya. Mutanen unguwa sun ga abin a waya, mai shagon kwana ya miƙo masa burodi bai amsa gaisuwarsa ba. Ranar Laraba ƙafafun suka saki. Ya juya Baba da sassafe, ya sa takalmansa a tsakar gida, ya fita.